Murhun Da Na Yanke Wa Ƙafafu

Aikin da nake ci da shi daban ne. Lodin kaya nake yi a wani sito a Bronx, a Amurka. Gyaran murhun gashi kuwa abin da nake yi ne ranar Lahadi don kada hannuna ya zauna, saboda idan hannu ya zauna kaina yakan koma wuraren da ba na so ya koma. Na ratso hamada a bayan mota. Na yi zaman kurkuku a ƙasar da ban ji yarenta ba. Na binne abokin tafiya. Wannan ya isa a faɗa. Tsatsa dai ba ta yi wa mutum tambaya.

A garin nan, idan zafi ya wuce, mutane sukan fitar da murhun gashinsu bakin titi su bar wa motar shara. Wani taya ce kawai ta fita. Wani gindinsa ne ya huje. Wani kuma lafiyarsa lau, maiko ne ya ishi mai shi. Sai in bi unguwannin masu gida da fili da tsohuwar motata in kwaso. Mai kula da gininmu a Morrisania, wani mutumin Gana ɗan zango mai jin Hausa, ya ba ni kusurwar tsakar gida ta baya, nesa da bango, da sharaɗin kullum in ajiye bokitin ruwa a kusa.

Da wuta nake farawa. Ban san abin da mai shi ya gasa a kai ba, kuma mutanenmu sai sun tambaya. Sai in cika shi da guntayen katako in ƙone har maikon ya zama toka. In kankare da burushin ƙarfe, in wanke, in sake wankewa. Ragar da nama ke hawa ba na barin ta, sabuwa nake sakawa. In toshe huda da farantin ƙarfe, in shafa fenti mai jure wuta ta waje, ta ciki kuwa man gyaɗa kawai. Kafin babbar sallah duk sun tafi. Direbobin tasi ke saye, da masu shaguna na titin 125.

Wata shekara, da sanyi ya fara janyewa, ina durƙushe ina kankara, sai na ji murya daga sama.

"Kai! Wannan tukunya ce ko akwati?"

Na ɗaga kai. A tagar hawa na biyu akwai wani tsoho da hula, bakinsa ya ɗan karkace gefe ɗaya.

"Murhun gashi ne, Baba."

"Da murfi?"

"Haka suke yin sa a nan."

"Wa ke rufe nama? Zazzaɓi yake yi da za a lulluɓe shi? Kai ɗan ina ne?"

"Kano."

"Na ce! Bakano ko Amurka ya zo sai ya nemo bola ya sayar."

Daga maganarsa na gane Badamagare ne. Tsakaninmu da su akwai wasa, a zagi juna ba a fushi.

Na ce, "Ku kuma Damagarawa ko daga taga sai kun kawo yaƙi."

Ya yi dariya har ya shiga tari.

Daga baya na san labarinsa a bakin ɗiyarsa, wadda yake zaune a wurinta. Ita tana aikin kula da tsofaffin wasu a gidajensu, nata tsohon kuma yana wuni shi kaɗai a taga. Mai gashin nama ne a tashar mota a Damagaram tun yana saurayi. Matarsa ta rasu, ba a daɗe ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Babu mai kula da shi a can, sai ta yi faɗi-tashi ta kawo shi. Hannun hagu ya mutu, ƙafar hagu ma haka. A keken guragu ake tura shi.

Duk Lahadi yana taga yana yi mini gyara. Ragata ta yi faɗi, nama zai zube. Fentina ya yi baƙi kamar motar gawa. Ƙafafun murhun sun yi tsawo, raƙumi ne zai yi gashin? Ni kuma in mayar masa. Ban saba hira ba, amma wannan na saba da ita.

Sai wata Lahadi taga ba ta buɗe ba. Ta gaba ma haka. Ban hau na tambaya ba. Ba ɗabi'ata ba ce.

Ɗiyar ce ta sauko. Ta tsaya a bayana da kayan aikinta a jiki, ta gaishe ni, sannan ta ce, "Yaya, murhu ɗaya nake so."

"Na sallah? Da saura ai."

"Baba ya daina cin abinci."

Na ajiye burushi.

Ta ce ba abin da ba ta gwada ba. Tuwo da miyar kuka, kunu, fura da ta dama da garin gero na shagon mutanenmu. Sai ya taɓa ya ture. Ta gasa nama a obin ɗin kicin, ya ce ɗanɗanon jiƙaƙƙen tsumma yake ji. Likita ya auna shi ya ga yana ta zubewa. An ba su randebu, wato ranar da za su koma asibiti, kuma an faɗa mata gaskiya: idan ramar ba ta tsaya ba, za su riƙe shi, su sa masa roba ta ciyarwa, daga nan sai gidan jinyar tsofaffi.

"Na san gidajen nan, Yaya. Na yi aiki a ciki. Ba mugaye ba ne. Amma ba mai jin Hausa ko ɗaya. Zai wuni bai zagi kowa ba. Ba zai daɗe ba."

Tunaninta shi ne, mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin gawayi, naman gawayi ne zai buɗe masa ciki. Ni ma haka na gani.

Ina da wani murhu da ban yi niyyar sayarwa ba. A Queens na tsinto shi, ƙarfe mai kauri, irin na da, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da daɗi. Duk sanyin shekarar a kansa na ƙare. Shi kaɗai ne abin da na mallaka a ƙasar nan da nake tsayawa in kalla. Shi na jawo. Na sayo cinyar rago a wurin mahaucin halal, na karɓo yaji a wurin wata mata da ke dakawa a gida. Na gasa iyakar iyawata. Na jera a faranti da albasa da tumatir, na hau da shi da zafinsa.

Na sami tsohon a gado. Ya rame har hular ta yi masa yawa. Ɗiyar ta tayar da shi zaune, ta ɗora masa farantin a cinya. Ya duba. Ya sunsuna.

"Wa ya gasa?"

"Ni."

"An gani. Ka barbaɗa yaji tun nama bai yi gumi ba. Ƙuli ya ƙone."

"To ci ka faɗi sauran laifin."

"Ba na jin yunwa."

Ya ture farantin da bayan hannu, ya juya fuska bango. Raina ya ɓaci. Ni ban iya lallashi ba.

Na ce, "Baba, roba za su sa maka a ciki. Su kai ka inda za a ajiye ka kamar kaya."

Bai juyo ba ya ce, "Su kai. Nan ma ajiye ni aka yi."

Na ɗauki farantin na fita. Ɗiyar ta biyo ni, ta zauna a matakala tana kuka ba sauti. Na tsaya riƙe da nama kamar wawa. Ban san me ake ce wa mai kuka ba, sai na yi tambayar da ta zo bakina.

"A gida me yake ci?"

Ta share ido.

"Ka san wani abu? Ban taɓa ganin Baba ya zauna ya ci nama ba."

"Mai gashi?"

"Wallahi. Da safe kunu yake sha ya fita. Idan na kai masa saƙo tasha, sai in gan shi yana juya nama, ya yanko ɗan gefe, ya hura, ya kai baki daga kan wuƙa. Haka yake yi wuni guda. Da ya dawo gida, tuwon da Inna ta ajiye masa loma kaɗan yake yi. Ko da sallah, shi ke gasa wa unguwa, a bakin wuta yake ci. Ba a taɓa zuba masa a faranti ba."

Ta faɗi haka ne kamar ba komai ba. Ni kuwa na gane. Lokacin da aka sake ni daga kurkuku, abincin da aka ajiye mini a gaba ba ya wuce maƙogwaro. Sai da wata mai sayar da abinci ta ɗauke ni wanke-wanke, na fara cin ƙanzon tukunyar da na wanke, sannan ciki ya buɗe.

Na miƙa mata farantin na ce ta raba wa maƙwabta. Na ciro igiya a aljihu, na koma ɗakin. Na auna kekensa daga ƙasa zuwa inda hannu ke hawa, na ƙulla. Na auna daga gwiwa zuwa ƙasa, na ƙulla. Yana kallona ta gefen ido.

"Likkafani kake auna mini, Bakano?"

"Kai yanzu ai ɗankwali ma ya ishe ka."

Bai yi dariya ba, amma bai juya bango ba.

Washegari da na taso daga aiki na kwantar da murhun nan a ƙasa na ɗauko zarto. Na daɗe riƙe da shi kafin in sa. Mai kula da ginin ya fito zubar da shara ya gan ni.

"Maigida, kanka lafiya? Kaya mai kyau haka kana yanka shi?"

"Riƙe mini nan."

Ya riƙe yana girgiza kai. Na yanke ƙafafun duka daidai ƙullin igiya. Na kwance murfin na jefa shi cikin tarkace. Sai na tuna ƙafarsa ta hagu ba ta jin komai, za ta iya gasuwa bai sani ba. Na ɗaura farantin ƙarfe da katako a gefen da gwiwarsa za ta kusanta. A dama na kafa wani faffaɗan katako na yanka, na buga masa ƙusoshi daga ƙasa, tsininsu a sama, yadda idan aka danna nama zai tsaya da kansa. Mai hannu ɗaya ba shi da abin riƙewa. Da na tayar da murhun na ja baya na duba, ya koma wani gajeren abu mummuna. Ba wanda zai saye shi ko a kyauta.

Saura wuƙa. Ɗiyar ta ce ya zo da tasa daga gida, ya rantse ba zai hau jirgi ba sai da ita, aka sa ta cikin akwatin kaya. Tun zuwansu ta ɓoye ta a saman kabad.

"Kawo ta."

"Yaya, idan ya yanke kansa fa? Akwai matar da ke zuwa daga asibiti duba shi. Idan ta ji na ba mai shanyewar jiki wuƙa da wuta, ni za a tuhuma. Aikina ma zai iya tafiya."

"Gaskiya ne."

"To?"

"Idan bai ci ba fa?"

Ta juya. Ta hau. Ta sauko da wuƙar a naɗe cikin tsohon zane. Wasawa ta cinye ta har ta zama siririya, ƙotar kuma ta yi santsi.

Ban kira tsohon ba. Na san idan aka ce ya sauko ya ci, ba zai sauko ba. Ranar Lahadi da hantsi na jawo murhun daidai ƙarƙashin tagarsa, iyakar yadda sharaɗin mai gini ya bari. Na hura wuta. Tana cikin ci, harshenta na tashi, na yanka nama ƙatto-ƙatto na watsa a kai. Kitse ya kama. Hayaƙi baƙi ya miƙe sama. Na tsaya ina jira.

Taga ta buɗe. Ɗiyar ce ta buɗe, ta turo shi.

"Kai! Kai! Wuta tana ci ka ɗora? Bari ta kwanta mana! Wane irin asararre ne wannan?"

Na ƙara wani yanki.

"Cire! Haram ne abin da kake wa ragon nan. Ya mutu sau ɗaya, za ka sake kashe shi."

"To sauko ka yi."

"Da wane hannun?"

"Da wanda kake nuna ni da shi."

Ya dubi hannun nasa, yana nan a miƙe ta taga. Ya mayar da shi ciki. Na ɗauka shi ke nan. Can sai na ji ya ce wa ɗiyar, "Ina takalmina?"

Lifta ta lalace kamar yadda ta saba. Ni da mai kula da gini muka sauko da shi har da keken. Bai kai nauyin murhun ba.

Na tura shi gaban wuta. Gwiwarsa ta shige daidai. Ya dubi ƙafafun da na yanke, ya dubi ƙusoshin. Ya ɗora tafin hannu sama da gawayi yana jin zafi.

"Tara garwashin gefe ɗaya. Kwashe wannan gawayin da ka yi da nama ka ba kare, in karen nan zai ci."

Ɗiyar ta kwance zane ta miƙa masa wuƙar. Ya shafa bakinta da babban yatsa, ya harare ta.

"An yanka albasa da ita."

"Sau ɗaya ne, Baba."

Na riƙe masa dutse ya wasa. Na danna tsoka a kan ƙusoshi. Ya sa wuƙa, naman ya zame, wuƙar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ɗiyar ta yunƙura za ta ce a mayar da shi sama, na ga maganar a bakinta. Na riga ta. Na ɗauki wuƙar, na wanke a bokiti, na miƙa masa ta ƙota. Na ƙara danna naman sosai.

Karo na biyu ta shiga. Ya fitar da yanki siriri, kana iya ganin haske ta cikinsa. Ya fitar da wani. Hannun yana rawa idan ya ɗaga shi, amma da ya sauka kan nama sai ya tsaya.

"Wala," in ji shi, wato yauwa a bakin Damagarawa. "Kai, Bakano, zo nan. Daga yau kai ne haguna. Ɗora wannan can. Juya wancan."

"Ai bai yi ba."

"Hagu ba ta magana."

Na yi shiru na juya. Ya sa na shafa mai. Ya jira har naman ya fara tsatsafo da ruwa sannan ya ɗebi yaji da yatsu uku ya barbaɗa daga sama. Ƙamshin da ya tashi ba irin nawa ba ne. Tagogi suka fara buɗewa.

Sai ya jawo wani yanki gefen raga da tsinin wuƙa. Ya yanki kusurwarsa, ɗan mitsitsi. Ya hura. Ya kai baki.

Na kafa idona a kan gawayi. Ɗiyar ta juya baya ta kama yanka albasar da ta riga ta yanka. Ya daɗe yana tauna ta ɓarin dama. Na ji ya haɗiye.

"Gishiri bai ji ba."

Ya ƙara, ya jira, ya sake yanka ya kai baki. Da aka ɗora hanta, ita ma sai da ya gwada ta a farko da tsakiya da ƙarshe. Ba wanda ya ce masa ci. Ba wanda ya ce madalla. Da ɗayanmu ya yi magana, na tabbata da ya ajiye wuƙar.

Maƙwabta suka sauko. Wata ta zo da faranti, ya kore ta da shi, ya ce a nemo takarda. Mai kula da gini ya yago jakar takarda ta kanti. Tsohon ya yanka, ya zuba albasa da yaji a gefe, ni na naɗe. Shi ke faɗin wa za a ba da wa zai jira. Zuwa azahar ya gaji, kansa yana rinjaya. Ya nemi ruwa. Ya sha. Sannan ya ce wa ɗiyar, "Furar nan taki mai kama da siminti, da saura?"

Ta hau da gudu.

Daga nan duk Lahadi muna bakin wuta, wani lokaci har da yammacin ranar aiki. Labari ya bazu. Direbobi suka fara kawo namansu su bar masa. Ba wai ya warke ba ne. Hannun bai dawo ba. Wani lokaci nama ya sarƙe shi, ya yi tari har idonsa ya yi ja, mu tsaya cirko-cirko. Ran nan tartsatsi ya kama hannun rigarsa na hagu bai ji ba, sai da na watsa ruwa. Ɗiyar ta yi mini faɗan da ba a yi mini irinsa ba tun ina yaro, kuma tana da gaskiya. Ta hana shi sauka. Ya koma ture kwano. Bayan kwanaki ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ba ta gaishe ni ba, ta ce, "Sai dai a naɗe masa hannun riga a ɗaure hannun a jikin keke." Aka yi haka.

Ranar komawa asibiti ina wurin aiki. Ban faɗa wa kowa ba, amma kwali biyu na yar a safiyar, har shugaban aiki ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Na shiga bayan tarin kaya na ɗauka.

"Yaya, mun dawo gida."

"Ku biyu?"

"Mu biyu."

Ta ce bai ƙaru da wani abin kirki ba, amma ramar ta tsaya. Likita ya ce a ci gaba da abin da ake yi, a rage gishiri. Ba ta faɗa masa me ake yi ba, shi ma bai tona ba. Za su sake duba shi nan gaba. Maganar roba dai an ajiye ta.

Na ce, "To."

Na ji muryarsa daga nesa yana cewa a ba shi wayar.

"Bakano."

"Na'am, Baba."

"Na gaji da balangu. Ka nemo mini tsinke, tsire za mu yi. Kuma ka zo da ƙuli na gaske, ba wannan garin katakon ba."

Na bi shaguna bayan an tashi, sai a wani kantin 'yan Sin na samu tsinke. Na kai masa har sama. Ya zaro ɗaya ya juya shi, ya ce gajere ne, kuma zai ƙone kafin nama ya yi. Sannan ya ce in jiƙa su a ruwa tun ranar Asabar.